Akwatin Faya-fayan Harisu

Washegarin rawar Sallah, tun ba a kwance awaki ba, labari ya zaga Sabuwa cewa an yi wa Harisu sata. Akwatin faya-fayansa da garmahon da yake ɗora su a kai sun yi ɓatan dabo daga tsohon siton auduga, inda samari suka kwana tiƙar rawa. Manyan lasifikoki biyu da injin wuta suna nan, don su sai ƙarti huɗu suke ɗaga su. Kwaɗon ƙofa kuwa ba fasa shi aka yi ba, da makulli aka buɗe.

Harisun nan ɗan Bilki mai ƙosai ne. Ya bar gari da riga ɗaya, ya faɗa Kaduna daidai lokacin da kuɗin mai suka fara hauka, ya zama mai sa faifai a wani babban gidan rawa. Duk direban da ya dawo sai ya kawo labarinsa: wai fitilu ja da kore suna juyawa bisa kansa, wai hafsoshi da 'yan kwangila sai abin da ya sa musu suke takawa. Ana saura mako guda Sallah ya sauka da kayansa, suma tuli guda, wando baki kamar buhu, takalmi mai tudu kamar turmi. Magana in zai yi sai ya ɗaga murya, in kuma kai kake yi sai ya kafe bakinka da ido. Dattawa suka ce ai ga irin ta nan, birni ya cire masa kunya. Samari kuwa suka ce haka manya suke yi.

Mai Unguwa Gide ya aika a kira Maharazu mai bin sawu.

Maharazu ya tsufa da aikin nan, kuma ya gaji da shi. Ya bi sawun shanu har dajin Birnin Gwari, ya bi na jakai har Ƙanƙara, gwiwoyinsa sun gama biyan bashin tafiya. Da ɗan aike ya zo sai da ya yi tsaki kafin ya jawo sandarsa. Faifai! Shi da ake kira in an kore garke, yau shi ake kira don abin kiɗa.

Yana isa ƙofar sito ya ga abin da ya sa aka yi shiru da ganinsa. Mani ne zaune a ƙasa, mutum biyu tsaye a kansa. Mani ɗansa ne na fari, kuma shi kaɗai Allah ya bar masa namiji. Maharazu bai dube shi ba, don ɗan fari ba a kallonsa cikin mutane, balle a kama sunansa.

"Malam Maharazu, ka yi haƙuri," in ji Mai Unguwa. "Makulli biyu ne, ɗaya wajen mai kaya, ɗaya wajen yaron wajenka. Jiya kuma kowa ya ji su suna cacar baki. Harisu ya ce mashi ba ya tahiya da shi Kaduna, shi kau ya ce sai ya yi nadama."

Harisu yana gefe bisa benci, ya dafe kai yana kallon ƙasa. Ya ɗago ya ce da ƙarfi, "Ni dai na ce a bar maganar! Kayana ne, na yafe!" Ya sake sunkuyar da kai.

"Kun ji ɗan halak," in ji wani.

"Ya yafe nashi, ni ban yafe nawa ba," in ji Mai Unguwa. "Sata a unguwata? Na riga na aika Faskari. Ranar kasuwa ɗan sanda shina zuwa, in ba a samu wani ba, da wannan za ya koma."

Maharazu ya jingina da sandarsa. Ya san yaran da aka kai gidan yari, ya san yadda suke dawowa. Ya kuma san abin da ba ya iya faɗa wa kowa: tun da Harisu ya sauka, Mani bai ƙara taɓa fartanya ba, bakinsa Kaduna, barcinsa Kaduna. In an kama shi, ya tafi. In an wanke shi ma, wa ya san inda zai nufa? Gaba kura, baya siyaki.

Ya ce, "A ja baya, kuna taka mani aiki."

*

An yi ruwan ƙarshen damina kafin asuba, ƙasa ta yi laushi, duk sawun masu rawa ya shafe. Sawu ɗaya ne ya fito daga sito bayan ruwan, mai nauyi, na wanda ya ɗauko kaya a ka. Maharazu ya durƙusa da ƙyar, ya daɗe yana dubawa, ya tashi ransa a ɓace.

Ƙafar mutum ba ta ɓoye masa komai. Ya san wanda ke taka gefe, ya san mai jan dunduniya, ya san mace mai ciki da sawunta. Amma wannan shegen takalmi mai tudu, kowa ya hau shi tafiyarsa ɗaya ce, ɗaga-ka-dasa kamar zalɓe a fadama. Ba yatsa, ba tafin ƙafa, sai rami biyu. Kuma ƙafa uku ne ke hawansa a garin: Harisu da ya kawo su, Mani da aka ba kyauta, sai Bilya tela da ya saya.

Ya fara da Bilya. Ya same shi a shago, ido ja wur, yana ɗinki yana hamma.

"Baba, wallahi ni rawa kawai na yi. Mi zan yi da faifai, ni da ko rediyo ba ni da ita?"

"Ina ka kwana?"

Bilya ya sosa ƙeya. "A nan. Ka tambayi maƙwabta, sun ce minsharina ya hana su jin kiran salla."

"Kawo takalmin."

Ya kawo. Busasshe ne ƙayau, tudun ɗaya ma ya ɓalle. "Wajen juyi ya karye, Baba. Da ƙafa ɗaya na dawo, ana yi mani dariya."

Maharazu ya koma wajen Mani. Ya tsaya yana kallon bango ya ce, "Kai, bayan an tashi ina ka nufa?"

"Gindin rimi na zauna, Baba. Raina ne a ɓace. Ruwa ya same ni can."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

Takalminsa kuwa caɓa-caɓa da laka. Maharazu ya ji kamar ya kwaɗa masa sanda, ya kuma ji kamar ya zauna a ƙasa kusa da shi. Bai yi ko ɗaya ba, ya juya ya bi sawun.

*

Sawun ya bi ta bayan kasuwa ya hau hanyar mota, ya miƙe tsakiyarta inda ƙasa ta fi tauri. Can gaba kaɗan Maharazu ya tsaya. Wata babbar mota ta biyo bayan mai tafiyar, don tayarta ta hau kan sawun. Ga inda direba ya taka birki, taya ta ja laka doguwa. Ga inda ya karkata ya faɗa bakin gona, ya kwantar da karan dawa, ya sake hawa hanya a gaba. Shi kuwa mai kayan yana nan a tsakiya, taku ɗaya bai canza ba, bai matsa dama ba, bai matsa hagu ba. Sai daidai inda motar ta gifta shi ne sawun ya yi tsalle gefe, ya dabarbarce.

Maharazu ya daɗe a wurin yana tauna goro. Ɓarawo ya ji mota a bayansa, ai gona yake faɗawa ya ɓuya. Wannan wane irin ɓarawo ne?

Daga nan sawun ya sauka ta wata 'yar hanya zuwa rafi. Ruwa ya cika yana gudu ja. A cikin saiwar wani ɓaure ya hango akwatin ya maƙale, baki buɗe, babu komai ciki sai laka da faifai guda da ya tsage. Garmahon kuwa ruwa ya yi gaba da shi. Sawun dawowa kuwa shanun Fulani sun bi ta kai sun tattake.

To, ba sayarwa aka so yi ba ke nan, hallakawa aka so yi. Ya ɗauki tsagin faifan ya juya shi a hannu. Mai fushi yana iya wannan. Mai wa'azi ma yana iyawa.

Malam Nata'ala, na'ibin liman, shi ne ya yi ta faɗa tun ranar da aka tada injin nan, har ya ce da yana da ƙarfi da ya watsa kayan Shaiɗan a ruwa. Maharazu ya same shi a zaurensa, ya gaishe shi, ya ajiye tsagin faifan a gabansa.

Malam ya duba, ya yi hamdala. "Ko wane ne, Allah ya yi mashi albarka. Amma ba ni ba ne. Ni na ja asuba yau, liman ba ya jin daɗi, sahu biyu shaidata ne. Kuma kai Maharazu, dube ni da kyau. Ni da nike hawa jaki da taimako, ni zan hau wancan takalmi? Ai sai dai a ɗauko ni a makara."

Maharazu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ba shi haƙuri. Duk ƙofar da ya tura ta rufe, sai ta ɗansa ce a buɗe.

A gida Suwaibatu matarsa ta ajiye masa tuwo, ta tsaya a kansa.

"Malam, kai kaɗai ke ganin abin da ke ƙasa. In ka ce sawun baƙo ne, wa za ya musa?"

"In na ce haka, Gide ba ya sakin shi. Sai na kawo mutum."

"To ka kawo mana!"

Maharazu ya ture kwanon. Ya wanke hannu bai ci rabi ba, ya nufi tasha.

*

Mota ɗaya ce ke tashi da sassafe daga Sabuwa, ta Audi direba, mai kai hatsi Funtuwa. Fitilunta sun mutu tun bara, shi ya sa ba ya tashi sai gari ya fara haske. Sai bayan la'asar ya dawo, yana saukowa Maharazu ya tare shi.

"Audi, wa ka kusa takewa yau da safe?"

Audi ya riƙe baki. "Baba, kana wurin ne? Wallahi wani mahaukaci! Akwati bisa kai, buhu lulluɓe a kafaɗa, shina tahiya tsakiyar hanya kamar ta ubanshi. Na danna oda, na danna, na danna, har yaron mota ya leƙa shina bugun ƙofa shina ihu. Ko gezau! Ga birki ba ya ci cikin laka. Da ban faɗa gonar mutane ba da yanzu ana zaman makoki."

"Ka ga fuskarshi?"

"Ina na ga ta gani, ina kokawa da sitiyari? Ni na ɗauka ma ba mutum ba ne."

Odar motar Audi kuwa har Mai Unguwa ya taɓa kai ƙararta, don tana firgita jarirai. Maharazu ya zauna bisa wani buhu. Kurma ɗaya ya sani a garin, tsohon maƙeri, shi kuwa ko ƙofar gida ba ya fitowa. Mani kuma tun yana ƙarami yakan ji motsin zomo a ciyawa kafin karen farauta ya ji. Ba shi ba ne. Wani sanyi ya ratsa Maharazu har ƙafa, ya yi ajiyar zuciya.

Sai kuma ya tuna mai ɗaga murya, mai kafe bakin mutane da ido. Ya ce a ransa, wayyo ɗan Bilki. Murnar ta koma masa ciki.

*

Washegari da hantsi aka taru a zauren Mai Unguwa. Mani da Bilya suna zaune a gaba, Malam Nata'ala bisa buzu yana cika yana batsewa don an kira shi cikin yara, Harisu a tsakiya a matsayin mai kaya, Audi a bakin ƙofa. Jama'a sun cika waje.

Maharazu ya tsaya gabansu ya faɗi abin da ya gani, daga sito har rafi. Harisu yana kallon bakinsa, yana gyaɗa kai. Sannan tsohon ya taka a hankali, kamar mai miƙe gwiwa, ya zagaya bayansu ya tsaya jikin bango. Ya ɗaga murya yadda na waje ma za su ji.

"Harisu ɗan Bilki! In kana jina ka waiwayo. In ka waiwayo, ni kau na rantse zan ce ban san mai sawun nan ba."

Bilya ya waiwayo. Mani ya waiwayo. Malam Nata'ala ya juyo har carbinsa ya faɗi. Harisu yana nan zaune, yana kallon inda Maharazu ya tsaya ɗazu, da ɗan murmushinsa na mutanen birni.

"Harisu!" in ji Maharazu, ya buga sanda a ƙasa.

Shiru. Sai da Harisu ya ga duk idanu sun dawo kansa, sannan ya juya a firgice. Ya dubi Maharazu, ya dubi Mai Unguwa, ya gane. Murmushin ya zube.

Maharazu ya dawo gabansa ya durƙusa, ya yi magana a hankali yadda zai ga bakinsa. "Tun yaushe?"

"Ya fi shekara yana tahowa, Baba." Muryar tasa ta fita da ƙarfi, yana nufin ya yi ta ƙasa-ƙasa. "Wurin tsayuwata tsakanin lasifika biyu ne, kowace ta fi ni tsawo. Kullum, daga isha har a yi kiran salla. Da fari gyare ne ke kuka a kunnena in na kwanta. Daga baya gyaren ya ƙi yin shiru, sai mutane suka yi shiru. Na koyi duban baki. Kiɗa kuma a tafin ƙafa nike jin shi, ta cikin daɓe, na san kowane faifai da idona. Ba wanda ya gane."

Ya share fuska da hannun riga.

"Kun ji ana ba ku labarin gidan nan. Gaskiya ne, ya ma fi haka. Motoci har bakin titi, turare kamar ka sha, manyan mutane su cire hula su yi ta juyi har gumi ya jiƙa masu babbar riga. In na ɗaga hannu, ɗari biyu su ɗaga. Ran nan gida ya cika maƙil, wani ya taka wayar lasifika ta cire. Kiɗa ya ɗauke. Ni kuwa ina can bayan garmaho ido rufe, na sha gajiya har ƙafa ta daina ji, ina ta rawata ni kaɗai. Da na buɗe ido kowa na tsaye yana kallona, baki buɗe. Dariya suke yi, Baba, ina ganin haƙoransu. Da safe mai gidan ya ce in kwashe kayana."

Ya dubi jama'a, ya ci gaba.

"Na zo gida in huta, sai na tarar ni sarki ne. Kowa yaushe za ka koma, kowa ka tafi da ni. Inna tana nuna ni ga kishiyoyin sana'arta. In ce masu mi? Na ce in babu faifai, babu mai sake tambayata."

"Shi ya sa ka bari a kai ɗan mutane Faskari?" in ji Mai Unguwa a fusace.

Harisu bai ga bakinsa ba. Sai da Maharazu ya maimaita masa. Ya zabura.

"Faskari? Wa za a kai? Na ce na yafe! Na ɗauka an sake shi tun jiya!"

A gabansa aka yi maganar, kansa na sunkuye. Ya rarrafa wajen Mani ya kama hannunsa. "Don wannan na hana ka bi na. Ka dube ni da kyau, ƙanena. Ka dube ni."

Mai Unguwa ya ce mutum ba ya satar kayansa, a aika Faskari a ce ɗan sanda ya sha zamansa. Malam Nata'ala ya tashi, ya tsaya kan Harisu kamar zai yi faɗa, sai ya dafa kansa ya yi masa addu'a ya fita.

*

Suwaibatu ta yi guɗa, ta yanka zakara. Maharazu ya ci ya ƙoshi, ya miƙe ƙafa a tsakar gida. A ransa yana cewa, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ai ba sai an ce ya nemi ruwa ba. Yaron ya gani da idonsa, ya ji da kunnensa. Bana sai girbi.

Mani yana gefe yana wasa da tsinke a ƙasa. Can ya ce, "Baba, ke nan yanzu gidan nan na Kaduna ba su da mai sa faifai."

Maharazu ya dube shi. Wannan karon ya dube shi sosai, ya daɗe. Gajiya ta danne shi. Ya ce, "Allah ya shirya," ya shiga ɗaki.

Da safe tabarmar Mani a naɗe take. Suwaibatu ta zo ta tsaya ƙofar ɗaki, mayafi a hannu.

"Malam, tashi ka bi shi."

Ya tashi ya bi. Yaron ya rataya takalmin ne a wuya ya tafi da ƙafa, don kada a ji fitarsa, saboda haka babu abin da ya ɓoyu. Ga yatsun, ga tafin, ƙafar da Maharazu ya sani tun tana cika tafin hannunsa. Ya bi ta lungu, ya bi ta bayan kasuwa, har tasha, inda motar Audi ta kwana. Motar ta tashi tun gari na haske. Ya tsaya kan sawu na ƙarshe, mutane suna gaishe shi yana amsawa. Sannan ya juyo gida a hankali, yana dogara sanda.

Suwaibatu tana bakin zaure.

"Ya tahi?"

"Ya tahi."

Ta goge ido. "Ya dai tsaya ko? Ko sau ɗaya, ya waiwayo gida?"

Maharazu ya jingina sandarsa da bango, ya zauna bisa dakali yana murza gwiwa.

"Bai tsaya ba, Suwaiba. Daga bayan kasuwa ma da gudu ya ƙarasa."